Dutsen Zagami

Ranar Laraba, 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi a Zagami ta lardin Katsina yana cikin gonarsa yana korar hankaki. Damina ta ja jiki, hatsi ya nuna, tsuntsaye sun matsa. Kwatsam sai ya ji wata ƙara mai firgitarwa daga sama, iska ta buge shi, hayaƙi ya turnuƙe, sannan wani abu ya daki ƙasa tim, bai fi mita uku daga inda yake tsaye ba. Da ƙura ta lafa aka ga rami mai zurfin kusan ƙafa biyu, a cikinsa kuma dutse guda, bayansa baƙi wuluk saboda ƙunar da ya sha a hanya, cikinsa toka-toka. Da aka ɗora shi a ma'auni ya ba da kilo 18. Da ya goce kaɗan, da labarin rasuwa aka kai gida ran nan.

Mutanenmu ba baƙin zancen dutse daga sama ba ne, akwai gatarin aradu a bakin tsofaffi tun kaka da kakanni. To amma wannan bai yi kama da gatari ba, kuma a gaban ido ya sauko. Labari ya kai ga hukuma, aka ɗauki dutsen aka kai ofishin binciken ma'adinai da ke Kaduna, aka rubuta sunan ƙauyen a jikin takardarsa, kamar yadda ake yi wa duk dutsen da ya faɗo daga sama. Washegarin faɗuwarsa ne aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, hankalin manya yana can. Littattafan kimiyya da ke kawo labarin har yau "wani manomi" kawai suke cewa.

A ran nan babu wani mahaluki a doron ƙasa da zai iya faɗin inda dutsen ya fito. Babu kumbon da ya taɓa isa duniyar Mars. Wata guda bayan haka Tarayyar Sobiyet ta harba kumbonta Mars 1, ya yi shiru a hanya. Sai a Yulin 1965 kumbon Amurka Mariner 4 ya gifta ta kusa da Mars ya aiko da hotuna ashirin da 'yan kai, dishi-dishi, ba komai a cikinsu sai ramuka.

Masana duwatsu da suka yanki ɓangaren na Zagami suka duba sun gane danginsa nan da nan. Irinsa ɗaya da wani da ya faɗo a Shergotty ta ƙasar Indiya a 1865. Akwai kuma wasu 'yan uwa biyu na nesa: wanda ya tarwatse a kan ƙauyen Nakhla na Masar a 1911, da wanda ya faɗo a Chassigny ta Faransa a 1815, shi ma, abin mamaki, ranar 3 ga Oktoba. Dukansu duwatsu ne da suka taɓa narkewa suka kwarara sannan suka daskare, wato aman dutse mai wuta. Wannan kaɗai bai isa abin damuwa ba. Damuwar ta zo ne da aka auna shekarunsu.

Akwai sinadarai a cikin dutse da ke rikiɗa zuwa wasu a hankali, kan ƙa'idar da zafi ko sanyi ba sa sauya ta. Idan aka auna abin da ya rikiɗa da abin da ya rage, sai a san ranar da dutsen ya daskare. Kusan duk dutsen da ke faɗowa daga sama shekarunsa biliyan huɗu da rabi ne, sa'annin rana ne, ragowar kayan da aka gina duniyoyi da su. Su waɗannan kuwa yara ne. Na Nakhla da na Chassigny biliyan 1.3, na Zagami kuma, bisa lissafin da aka fi yarda da shi yanzu, miliyan 180 kacal. Ga inda gizo ke saƙa: ƙananan duwatsun da ke yawo tsakanin Mars da Jupiter, inda yawancin masu faɗowa suke fitowa, sun huce tun farkon zamani. Ƙaramar tukunya takan yi sanyi kafin a gama rabon tuwo, babbar tukunyar biki kuwa sai ta kwana da ɗuminta. Duk inda dutse ya narke shekaru miliyan 180 da suka wuce, to babbar duniya ce mai sauran wuta a cikinta. Wata ya yi ƙanƙanta kuma ya tsufa. Zahara, wadda Turawa ke kira Venus, tana da ƙarfin jan abu ƙasa kusan irin namu, ga iska mai kauri da ba abin da zai ratsa ta ya fita. Wajen 1979 wasu masana suka fara furtawa, da ɗari-ɗari, cewa sai dai Mars.

Aka yi musu caa. Kafin dutse ya kuɓuce wa Mars sai ya tashi da gudun kilomita 5 a daƙiƙa ɗaya. Abin da zai iya ba shi wannan gudu shi ne wani ƙaton dutse ya faɗo wa Mars ya watsa ƙasarta sama, kuma masu lissafi suka ce dukan da ya kai wannan ƙarfi narkar da dutse zai yi ko ya mai da shi gari. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ta tsaya har Janairun 1982, lokacin da masu tsintar duwatsu a kan ƙanƙarar Antatika suka ɗauko wani ɗan dutse da bai kai ƙwan kaza ba. Da aka gwada shi da waɗanda 'yan sama jannatin Apollo suka kwaso da hannunsu, sai ga shi ɗan Wata ne. Ashe dutse yana iya barin duniyarsa da ransa. Daga baya wani masani, Jay Melosh, ya bayyana yadda abin ke faruwa: duwatsun da ke saman ƙasa a gefen wurin da aka daka su ne ke tsalle da gudu ba tare da sun murƙushe ba.

Amma "yana yiwuwa" daban, "haka ne" daban. Shaidar da ta yanke hukunci tana ajiye tun 1976, ba wanda ya tara ta domin wannan shari'a.

A shekarar ce kumbuna biyu na hukumar NASA, Viking 1 da Viking 2, suka sauka a Mars, na farko ranar 20 ga Yuli, na biyu ranar 3 ga Satumba. An kashe musu kusan dala biliyan ɗaya, kuma babban abin da aka aike su nema shi ne rai. Kowannensu yana da hannu mai ɗibar ƙasa ya zuba a na'urori uku da ke gwada ko akwai ƙwayoyin halitta. Sakamakon ya rikita kowa. Gwaji ɗaya ya nuna kamar akwai abin da ke cin abincin da aka zuba, wata na'urar kuma ta ce ba ta ga ko ɓurɓushin sinadaran da ake gina rai da su ba. Yawancin masana suka tsaya a kan cewa ƙasar ce ke da kaifin sinadari, wasu ƙalilan suka ƙi sauka daga ra'ayinsu har suka mutu. Jama'a suka ɗauka an yi asarar kuɗi.

A gefe guda kuwa kumbunan sun shaƙi iskar Mars sun tantance ta. Siririyar iska ce, nauyinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari nata kabon dayoksaid ne. Abin da ya fi amfani yana cikin 'yan ragowar. Iskar naitrojin da ta argon kowace tana da nau'i mai nauyi da mara nauyi. Da yake Mars ƙarama ce, ta yi biliyoyin shekaru tana zubar da iskarta zuwa sararin samaniya, marasa nauyi suna riga tserewa, masu nauyi suna taruwa. Saboda haka naitrojin mai nauyi a can ya fi na nan yawa da fiye da rabi, argon da zenon su ma rabonsu ya sha bamban da namu. Babu wani wuri da aka sani mai irin wannan haɗi. Aka buga alƙaluman a mujallu, aka wuce.

A 1983, a cibiyar NASA da ke Houston, Donald Bogard da Pratt Johnson suka ɗauki wani ɗan gidan su Zagami da aka tsinto a Antatika, mai lamba EETA79001. A jikinsa akwai ɗigo-ɗigon baƙin gilashi, wuraren da dutsen ya narke na ƙiftawar ido lokacin da aka dake shi, ya sake daskarewa nan take. Niyyarsu su auna shekarun gilashin ne. Suka zafafa shi a cikin na'urar da aka zuƙe wa iska, suka auna abin da ya fito, sai lissafin shekarun ya ba da abin da hankali ba zai ɗauka ba, domin argon ɗin ya yi yawa. Wata iska ce daga waje ta maƙale a ciki. Da suka jera alƙalumanta kusa da na Viking sai suka hau juna. Shekara guda bayan haka wasu masana a Jami'ar Minnesota suka auna naitrojin ɗin, shi ma ya dace. Dukan da ya fitar da dutsen daga Mars shi ne ya cusa masa iskar garinsu ya rufe da gilashi.

Dutse ɗaya ba ya isa shaida. A 1995 Kurt Marti na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego da abokan aikinsa suka nemo irin wannan gilashi a cikin na Zagami, suka fasa, suka samu iskar nan dai. Shi ne dutse na biyu a tarihi da aka kama da iskar Mars a jikinsa, kuma tasa shaidar ta fi nauyi ta wata fuska, domin an ga faɗuwarsa an ɗauke shi da wuri, bai yi dubban shekaru yana kwance a ƙanƙara ko rairayi yana shan gurɓata ba. Cikin duwatsun Mars kusan 400 da aka sani yau, biyar ne kawai aka ga saukarsu da ido: Chassigny, Shergotty, Nakhla, Zagami, sai na Tissint ta Maroko a 2011.

Daga nan aka iya karanta tarihinsa tiryan-tiryan. Shekaru miliyan 180 da suka shuɗe ya kwararo a narke ya daskare kusa da saman ƙasar Mars. Ya zauna nan har wajen shekaru miliyan uku da suka wuce, ranar da wani dutse ya faɗo ya cilla shi sama. An san wannan adadi ne saboda dutsen da ke yawo a fili yana shan ruwan wasu ƙwayoyin haske masu ratsa jiki, suna barin alama da ake iya ƙirgawa. Ƙarfin dukan kuwa yana rubuce a jikinsa: wani farin ma'adini da ke cikinsa ya koma gilashi ba tare da ya sauya siffa ba. Shekara miliyan uku yana kewaya rana, ya wuce teku da hamada da daji, ya zo ya sauka kusa da ƙafar mai korar hankaki.

Ilimi bai gama da shi ba kasuwa ta shigo. A 1988 wani ɗan kasuwar duwatsun sama daga jihar Arizona ta Amurka, Robert Haag, ya samu babban yanki na dutsen ta hanyar musaya. Aka shiga yanka shi fale-fale ana sayarwa giram-giram. Sai ga Agustan 1996: masanan NASA ƙarƙashin David McKay suka sanar cewa sun ga abin da ya yi kama da burbushin ƙwayoyin halitta a cikin wani dutsen Mars na Antatika, ALH84001, har Shugaba Bill Clinton ya fito ya yi jawabi. Yawancin masana ba su gamsu da wannan da'awa ba daga baya, amma farashi ya riga ya tashi. Giram ɗaya na Zagami ya fi giram na zinariya tsada nesa ba kusa ba. Yau gutsattsarinsa suna gidajen tarihi da ɗakunan bincike da akwatunan attajirai a nahiyoyi da dama. Gaskiya wannan yanka ya amfani ilimi, domin da dutsen ya zauna a kulle a Kaduna da ɗakunan bincike da yawa ba su taɓa shi ba. Sai dai ban ga dalilin da zai hana ɗalibin ilimin ƙasa a Katsina ko Zariya ya riƙa ganinsa a sauƙaƙe kamar yadda ɗan makaranta a Turai ke gani ba.

Ɗaya daga cikin gutsattsarin ya faɗa hannun Philip Christensen na Jami'ar Jihar Arizona. Shi mutum ne da Mars ta taɓa ƙona wa zuciya. Ya shafe shekaru yana gina wata na'ura mai gane ma'adinai daga nesa ta hanyar zafin da suke fitarwa, aka ɗora ta a kumbon Mars Observer, kumbon ya ɓace a Agustan 1993, saura kwana uku ya isa. Aka sake gina irinta aka ɗora a wani sabon kumbo, Mars Global Surveyor. Kafin a rufe, Christensen ya maƙala ɗan ƙanƙanin ɓarɓashin Zagami a jikin na'urar. Ranar 7 ga Nuwamba, 1996, roka ta tashi da shi daga Cape Canaveral, ya isa Mars a Satumbar 1997. Tafiyar da ta ci shekara miliyan uku a zuwa, wata goma ta ci a komawa.

Kumbon ma bai samu sauƙi ba. Ɗaya daga cikin fikafikansa masu tara hasken rana ya samu rauni tun wajen buɗewa. Dabarar da aka tsara ita ce ya riƙa gogar saman iskar Mars a kowane zagaye don ya rage gudu ba tare da ƙona mai ba, to fiffiken ya fara lanƙwashewa, dole aka sassauta. Aikin 'yan watanni ya kai shekara ɗaya da rabi. Sai a 1999 ya fara aikin da aka aike shi, yana kewaya Mars duk awa biyu daga tazarar kusan kilomita 400. Daga nan ya rama. Ya aiko da hotuna sama da 240,000, ya auna tudu da kwarin duniyar baki ɗaya, ya gano wasu zaizayar ƙasa a gangaren ramuka masu kama da hanyar ruwa. Na'urar Christensen kuma ta hango wani fili mai suna Meridiani shimfiɗe da wani nau'in tama mai launin toka, irin wanda a nan duniya yawanci sai da ruwa yake samuwa.

Saboda wannan tama aka zaɓi filin a matsayin masaukin motar bincike Opportunity, wadda ta sauka a Janairun 2004 a naɗe cikin jakunkunan iska, tana tsalle tana gangarawa har ta tsaya. Ta tarar da tamar a matsayin 'yan ƙananan ƙwallaye birjik a ƙasa, da duwatsu masu shaidar cewa ruwa mai gishiri ya taɓa jiƙa wurin. An yi mata alkawarin kwana 90, ta yi sama da shekara 14, ta taka kilomita 45 kafin guguwar ƙura ta rufe mata rana a Yunin 2018. A watanninta na farko ta je ta duba wani dutse shi kaɗai a fili, kusa da inda jakunkunanta suka daki ƙasa, aka sa masa suna Bounce Rock. Sinadaransa suka fito kusan daidai da na wani sashe na EETA79001. Karo na farko ke nan da aka ga ɗan dangin Zagami zaune a gida. A 2013 motar Curiosity ta sake auna argon na iskar Mars da na'urar da ta fi ta Viking kaifi, ta tabbatar da hukuncin.

Mars Global Surveyor ya yi shiru ranar 2 ga Nuwamba, 2006. Binciken da aka yi ya nuna cewa wani umarni da aka aika masa watanni kafin nan ya shiga gurbin da ba nasa ba a ƙwaƙwalwar kwamfutarsa. Da matsala ta taso sai kumbon ya juya ya ba wa rana batirinsa, batirin ya yi zafi ya mutu. Har yanzu yana can yana zagaye da ɓarɓashin Zagami a jikinsa, kuma ana sa ran wata rana iska za ta ja shi ya faɗa ƙasar Mars. Wani ɗan uwansa ya riga shi taka ƙasa: motar Perseverance da ta sauka a ramin Jezero ranar 18 ga Fabrairu, 2021, tana ɗauke da yankin wani dutsen Mars da aka tsinta a Oman, tana gwada na'urarta da shi.

Ita Perseverance tana ta huda duwatsu tana rufewa a cikin bututun ƙarfe, da fatan wani kumbo zai zo ya kwaso su. Wani kwamiti da ya duba shirin a 2023 ya ce zai ci tsakanin dala biliyan 8 zuwa 11, abin da ya sa aka ja birki. Shekara sittin ana aika kumbuna, babu wanda ya dawo da ko tsakuwa ɗaya daga Mars. Duk abin da ɗan Adam ya taɓa riƙewa na can, da kansa ya zo. Matsalarsa ɗaya ce: ba ya zuwa da adireshi. An san Zagami ɗan Mars ne, amma ramin da ya fito har yau hasashe ake yi, kuma dutsen da ba a san mazauninsa ba rabin labarinsa ya ɓata. Wannan ne ya sa masana ke nacewa kan a je a ɗauko, duk tsadar.

Shekaru da dama Zagami ne dutsen Mars guda mafi girma da aka taɓa samu. Wanda ya karɓe kambun ma daga maƙwabta ya fito. A Nuwambar 2023 wani mai farautar duwatsun sama ya tsinci dutse mai jan baya, kilo 24 da 'yan kai, a hamadar jihar Agadas ta Nijar. Aka ba shi lamba NWA 16788, ya bi hannu zuwa Italiya inda aka baje kolinsa, daga can ya wuce New York. Ranar 16 ga Yuli, 2025, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi kan dala miliyan 5.3, ba a bayyana mai saye ba, ba a bayyana mai sayarwa ba. Kamfanin ya ce an bi duk ƙa'idojin fitar da kaya. Gwamnatin Nijar ta ce tana zargin fasa-ƙwauri ne, ta buɗe bincike kan yadda dutsen ya bar ƙasar, sannan a watan Agusta shugaban ƙasar, Janar Abdourahamane Tiani, ya dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama daga Nijar baki ɗaya.